Jiran Ɗan da Yake Nesa



Ga mu mun sake shiga lokacin Zuwan Ubangiji, makonnin nan da Uwa Ekklesiya ta keɓe domin ta koya wa 'ya'yanta jira. Kowace Lahadi za a ƙara kunna kyandir ɗaya, Fada zai hau bagade da tufafin shunayya, karatun Mas kuma zai yi ta tuna mana da mutanen da suka zuba ido ga alkawarin Allah har furfura ta cim musu. Sai dai jira abu ne mai daɗin wa'azi, mai ɗacin yi. Domin kada maganar ta tsaya a kan bagade, ina so in kai ku nesa da gida, wurin waɗansu iyalai da suka shimfiɗa wa yaro gado, suka rataye hotonsa a bango, suka koya wa sauran 'ya'yansu sunansa, sa'an nan shekaru suka yi ta wucewa yaron bai iso ba.

Ranar 5 ga Satumba, 2024, mai magana da yawun ma'aikatar harkokin waje ta ƙasar Sin, Mao Ning, ta shaida wa 'yan jarida a Beijin cewa ƙasarta ta daina ba baƙi yara su ɗauka su tafi da su ƙetare, sai dai in yaron ɗan dangin mai ɗaukar ne na kusa. Ta ce matakin ya yi daidai da manufar yarjejeniyoyin duniya, ta kuma gode wa iyalan ƙasashen waje saboda ƙaunar da suka nuna. Maganar gajeruwa ce, amma ta rufe ƙofar da take buɗe tun 1992, wadda yara fiye da 160,000 suka bi ta cikinta zuwa ƙasashe dabam dabam, fiye da 82,000 daga cikinsu zuwa Amurka. A ranar da aka rufe ta akwai iyalai kusan 300 a Amurka waɗanda hukuma ta riga ta haɗa su da yaro takamaimai, mai suna, mai fuska. Da yawa daga cikinsu tun 2019 suke jiran ranar tafiya.

Ya kamata mu fahimci abin da ake nufi da ɗaukar ɗa a can, gama ya bambanta da riƙon da muka saba. A wurinmu, in aka ba goggo ko kawu yaro, ko kaka ta ɗauke jikanta bayan yaye, yaron ya san gidan ubansa, yana amsa sunan ubansa, in Kirsimeti ya zo a kai shi ya gaida iyayensa. Abin da waɗannan iyalai suka nema kuwa shi ne hukuma ta mai da yaron ɗansu ɗungum. Ya ɗauki sunan gidansu, ya ci gādonsu, ya zama ɗan ƙasarsu, ba kuwa ranar mayarwa.

Mu ɗauki iyali guda daga cikinsu, ba sai mun kama suna ba, gama hanyar da suka bi kusan ɗaya ce. Dokar Sin ta ce sai mai ɗauka ya cika shekara 30. Jami'ar jin daɗin jama'a ta zo gidansu ba sau ɗaya ba, ta duba ɗakuna, ta tambaye su yadda aka rene su da yadda suke sasantawa in sun yi faɗa, ta ga takardar albashi da ta likita. 'Yan sanda sun ɗauki zanen yatsunsu domin a tabbata ba su da laifi a baya. Hukumar shige da fice ta ƙasarsu ta ba su takardar amincewa, wadda ƙarfinta yakan ƙare bayan wata 15. Aka tattara takardun nan duka, aka buga musu hatimi bisa hatimi, aka fassara, aka aika Beijin. Kuɗin da suka kashe dubban daloli ne masu yawa, waɗansu sai da suka ci bashi. Sa'an nan wata rana hoto ya iso, tare da takardar likita mai bayyana ciwon yaron. Gama a shekarun baya bayan nan yawancin yaran da Sin take bayarwa ba jarirai lafiyayyu ba ne. Yara ne da suka ɗan tasa, masu ciwon zuciya, ko tsagaggen leɓe, ko makanta, ko naƙasar ƙafa. Iyalin suka dubi hoton, suka karanta ciwon, suka ce sun yarda.

Ranar da hoton nan ya iso, a wurinsu tamkar ranar da likita ya ce wa mace ta ɗauki ciki ce. Abin da ya rage kaɗan ne: takardar izinin tafiya, jirgi, mako biyu a Sin, biza daga ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a Guangzhou, sai gida. Ana cikin haka annobar korona ta ɓarke a farkon 2020, aka rufe iyakoki, aka ce a dakata.

Iyayena mata, ku kun fi kowa sanin nauyin jira. Amma mai ciki tana da wata tara da take ƙidayawa, in ta ga watan takwas ya kama ta san sauƙi ya kusa. Wannan ciki kuwa ba shi da watan haihuwa. Rigar da aka saya wa yarinya 'yar shekara uku ta zauna a akwati har yarinyar ta kai bakwai. Takardar amincewa ta mutu, aka sabunta, ta sake mutuwa, aka sake sabuntawa. Ƙananan yaran gidan da suke tambaya yaushe ƙanwarsu za ta zo suka girma, suka daina tambaya, domin sun ga yadda fuskar uwarsu take canzawa. A majami'a, waɗanda suke cewa "Ya ake ciki?" suka koma yin shiru don kunya, shirun kuwa ya fi tambayar ciwo. Da annoba ta lafa aka bar 'yan kaɗan, waɗanda takardar tafiyarsu ta riga ta fito kafin rufewa, suka je suka ɗauko nasu. Sauran suka ce to, saura mu. Sai ga sanarwar Satumba. Daga baya 'yan majalisar Amurka fiye da ɗari suka rubuta wa shugaban ƙasarsu suna roƙo ya sa baki, amma shekarar 2024 ta ƙare ƙofar tana rufe.

Muna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, wani lokaci kuwa haka take faruwa a idon kowa. A watan Satumba 2013 hukumar shige da fice ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta dakatar da ba da takardar izinin fita ga yaran da baƙi suka ɗauka, alhali kotunan ƙasar sun riga sun yanke hukunci cewa yaran nasu ne. Iyalai 24 daga Italiya suka sauka Kinshasa, suka rungumi yaran, suka kwana da su makonni, Kirsimeti ya same su a can, daga bisani suka koma gida hannu rabbana. Ku yi tunanin abin da uwa za ta faɗa wa yaron da ya fara kiranta mama sa'ad da take haɗa kayanta. Ranar 28 ga Mayu, 2014, jirgi ya sauka Roma da yara 31, aka yi kuka irin na murna. Waɗansu iyalan Amurka da Faransa da Beljiyam kuwa sai 2016 nasu suka iso. Amma zan zama maƙaryaci in na ce muku kowane jira haka yake ƙarewa. Rasha ta hana Amurkawa ɗaukar 'ya'yanta tun daga 1 ga Janairu, 2013, akwai kuwa yaran da suka riga suka ga waɗanda za su zama iyayensu, ba su sake ganinsu ba. Allah bai taɓa yi mana alkawari cewa duk dutsen da muka ɗora a wuta za mu sha romonsa a wannan duniya ba.

To, me ya sa ƙasashe suke rufe ƙofa? A nan dole mu yi adalci, gama tausayin iyalan da suke jira kada ya rufe mana ido.

Waɗansunku za su tuna abin da ya faru a maƙwabciyarmu Chadi a watan Oktoba 2007. A garin Abeshe aka kama ma'aikatan wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa, inda iyalai suke jiransu da zuciya ɗaya, an gaya musu marayun yaƙin Darfur ne. Da aka bincika sai aka tarar yawancin yaran 'yan Chadi ne, kuma yawancinsu suna da uwa ko uba ko dangi na kusa a raye. Kotu a Njamena ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani, aka mai da su Faransa, Shugaba Idris Debi kuma ya yafe musu a watan Maris 2008. A Sin kanta, a 2005, aka bankaɗo masu sayar wa gidajen marayu jarirai a lardin Hunan, domin kowane jaririn da baƙo ya ɗauka kuɗi ne yake shiga gidan. Koriya ta Kudu, wadda ta aika da yara kimanin 200,000 ƙetare tun bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, hukumarta ta binciken gaskiya ta bayyana a watan Maris 2025 cewa an riƙa rubuta yara a matsayin marayu alhali iyayensu suna da rai. Habasha ta rufe tata ƙofar a watan Janairu 2018. A 2004 Amurkawa sun ɗauko yara kusan 23,000 daga ƙasashen waje, a 2023 kuwa adadin bai kai 1,500 ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Inda akwai zukata masu ɗoki da aljihu masu nauyi a wannan gefe, da iyaye matalauta a wancan gefe, dillali ba zai rasa ba. Saboda wannan ne ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Hague ranar 29 ga Mayu, 1993, wadda ta tsara cewa a fara neman hanyar da yaro zai zauna cikin danginsa, in ba ta yiwu ba a nema masa iyali a ƙasarsa, sai in duka sun gagara a duba ƙetare. Ta kuma hana a sayi yardar uwa da kuɗi, ko a karɓi yardarta kafin ta haihu. Rabin jinkirin da iyalai suke kuka da shi daga nan ya fito, jinkiri ne kuwa mai tsaron rai. Iyalin da suka ce a gaggauta, a tsallake bincike, su tuna cewa sauri ya haifi nawa, wanda zai biya bashin kuma shi ne yaron, ranar da ya girma ya gane cewa takardar haihuwarsa ƙarya ce.

Kun san shari'ar da aka kawo gaban Sarki Sulemanu. Mata biyu, ɗa ɗaya mai rai, kowacce tana cewa nata ne, babu shaida. Sarki ya sa a kawo takobi a raba yaron biyu. Ɗaya ta yarda a raba, muddin abokiyar gardamarta ba ta samu ba. Ɗayar kuwa hanjinta ya kaɗa, ta gwammace ta rasa yaron ya rayu a hannun wata da ta sami rabinsa a mace. Sulemanu bai auna jini ba, bai nemi takarda ba. Ya gane uwa ta wurin abin da ta yarda ta rasa.

Wannan ma'auni, 'yan'uwana, yana kan kowa da yake da hannu a maganar nan. Yana kan iyalin da suke jira. In gobe aka ce musu an sami kakar yaron, tana so tana kuma iya riƙonsa, ko kuwa wani gida a ƙasarsa ya buɗe masa ƙofa, za su iya yin godiya ga Allah cikin hawaye? Wanda ya iya, shi ne uba, ko da bai taɓa ɗaukar yaron a kafaɗa ba. Wanda ya ce ai na biya kuɗi, ya nuna cewa tun farko ciniki yake yi.

Amma ma'aunin yana kan hukumomi ma, a nan kuwa ba zan ɓoye ra'ayina ba. Ƙasa tana da iko ta ce daga yau za ta rene 'ya'yanta da kanta, abin yabo ne ma in ta cika. Sin ta yau ba Sin ta 1992 ba ce. Ta yi arziki, dokar ɗa ɗaya da ta fara a 1980 ta ƙare a ƙarshen 2015, a 2021 aka yarda da 'ya'ya uku, a 2022 kuma yawan jama'arta ya ragu karo na farko cikin shekara sittin. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai yaran nan kusan 300 an riga an yi musu alkawari. Waɗansu an nuna musu hotunan mutanen da za su zo, an ce ga babanka, ga mamarka, ga ɗakinka. Yaro mai ciwon zuciya ɗan shekara tara a gidan marayu, ina layin masu nemansa? A ganina, da an bar waɗanda aka riga aka haɗa sun kammala, sa'an nan a rufe ƙofa, da babu abin da ya ragu daga martabar ƙasa. Takobin zamaninmu ba lalle ne a ga ƙyallinsa ba. Fayil ne da aka ajiye a kan tebur, yana yanke wa yaro ƙuruciyarsa shekara bayan shekara, ƙuruciya kuwa ba a maimaita ta.

Gama muna yawan magana a kan jiran iyali, muna manta cewa masu jira uku ne. Na biyu shi ne yaron, shi kuwa ba shi da lauya, ba shi da ɗan majalisa, bai ma san abin da ake kira annoba ko biza ba. Abin da ya sani shi ne an ce za a zo, ba a zo ba. Wannan ne karo na biyu da aka bar shi.

Ta uku ita ce matar da ta haife shi, wadda sunanta ba ya cikin fayil. Ku tuna da uwar Musa. Dokar Fir'auna ce ta sa ta ɓoye ɗanta wata uku, da ɓuya ta gagara ta sa shi cikin kwando a bakin Kogin Nilu, yayarsa kuma ta tsaya daga nesa tana kallon abin da zai faru. A zamanin dokar ɗa ɗaya, iyaye da yawa a Sin sun ajiye jariransu, yawanci mata, a ƙofar asibiti ko kasuwa ko ofishin hukuma, wurin da za a tsince su da wuri. Wanda yake son ya hallaka ɗa ba ya zaɓar wuri mai jama'a. Musa ya tashi a gidan baƙi, da sunan da 'yar Fir'auna ta raɗa masa, da harshen Masar a bakinsa, duk da haka da ya girma ya fita neman 'yan'uwansa. Haka dubban waɗanda aka kai ƙetare daga Koriya da Sin suke komawa suna neman asalinsu, waɗansu ta hanyar gwajin jini. Iyalin da za su ɗauki ɗan wata ƙasa su sani tun farko cewa akwai wata mace da za ta zauna tare da su a gidan ba tare da an gan ta ba. In masu hikima ne za su girmama ta a gaban yaron, su yi mata addu'a da shi.

Ekklesiya ba ta yi shiru a kan waɗannan abubuwa ba. Katikisim na 1992 yana koya mana cewa ɗa kyauta ne daga Allah, ba bashi ne da wani yake bin sa ba, yana kuma ƙarfafa ma'auratan da ba su sami haihuwa ba su buɗe gidansu ga yaran da aka yasar. Ranar 5 ga Satumba, 2000, shekara uku cif bayan rasuwar Uwa Tereza ta Kalkata, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya karɓi iyalan da suka ɗauki 'ya'ya ta hannun Sistocinta, ya nuna musu cewa zumuncin da yake tsakaninsu da yaran bai gaza na jini ba. Amma shi ɗin ne kuma, cikin wasiƙarsa ta 1995 a kan darajar rai, ya yaba wata hanya dabam: in talauci ne kaɗai zai raba uwa da ɗanta, to, a taimaki uwar daga nesa ta riƙe abinta, kada a tumɓuke yaron daga ƙasarsa. Marigayi Paparoma Faransis, cikin gargaɗinsa na 2016 a kan iyali, ya ce amfanin yaro shi ne zai zama tushen kowace shawara, ya kuma nemi ƙasashe su yi dokokin hana fataucin yara. Kun ga dai Ekklesiya tana riƙe da igiya biyu a hannu ɗaya, ba ta saki ko ɗaya ba.

To, iyalin da aka rufe wa ƙofa fa, me za mu ce musu? Shekarunsu huɗu ko biyar sun tafi a banza ke nan?

Ni dai Hannatu nake tunawa. Ta yi shekaru tana kuka a Shilo saboda rashin haihuwa, kishiyarta tana yi mata gori, har Eli firist ya zaci ta bugu. Da Allah ya ba ta Sama'ila, tana yaye shi ta kai shi ɗakin Ubangiji ta bar shi can. Littafi Mai Tsarki ya adana mana wani ƙaramin abu game da ita wanda mai sauri zai wuce bai lura ba: kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa lokacin hadaya. Ku dube ta tana zaune da allura. Yaron ba ya gabanta balle ta gwada shi. Sai ta kintata tsawon da ya ƙara, ta ƙara ɗan yadi a hannu, ta saki kafaɗa kaɗan. Ba ta ganin haƙorinsa ya fita, ba ta jin sa'ad da ya yi zazzaɓi da dare, amma ba wanda zai ce ta daina zama uwa. Iyalin da suke ambaton sunan wani yaro na wata nahiya a addu'ar dare, suke tuna ranar haihuwarsa, suke buga ƙofar ofisoshi dominsa ko da an ce musu babu sauran bege, suna ɗinka irin wannan riga ce. Watakila a duk duniya su kaɗai ne suke kiran sunan yaron a gaban Allah. Ban isa in kira wannan banza ba.

Waliyyi Yusufu ma ya san wannan hanya. Ɗan da aka ba shi ba daga jikinsa ya fito ba, duk da haka shi aka umarta ya raɗa masa suna, ta wurinsa kuma aka lasafta Yesu cikin zuriyar Dawuda. Ya tashi da dare ya ƙetare iyaka da shi zuwa Masar, ya ciyar da shi da gumin sassaƙa, a Haikali kuma, yaron yana ɗan shekara 12, aka tuna masa a gaban malamai cewa akwai wani Uba. Linjila ba ta rubuta mana ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Mu kanmu da muke karanta wannan, Manzo Bulus ya koya wa Galatiyawa da Romawa cewa ɗaukarmu aka yi. Ba mu da gādo a gidan Allah sai da Ɗansa ya bar ƙasarsa ya zo tamu, ya biya abin da ba mu iya biya ba, a baftisma kuma aka ba mu sunan gidan. Bulus ya ƙara da cewa har yanzu muna nishi muna jiran cikar wannan ɗiyanci. Wato a wannan labari mu ne yaron da yake gidan marayu da hoto a hannu, an ce mana ana zuwa.

Kada wani ya ce wannan maganar Turawa ce. A cikin kowace majami'armu akwai ma'auratan da suka shekara goma, sha biyar, suna zuwa baftismar 'ya'yan wasu suna murmushi, su koma gida su rufe ƙofa. Surukai suna matsa wa mijin ya ƙara aure, matar kuwa ita ake nuna wa yatsa ko ba a je asibiti an ga inda matsalar take ba. Irin wannan matsi ne yake tura mutane hannun masu gidajen da ake tsare 'yan mata masu ciki ana sayar da jariransu, abin da jaridu suka sha ba da labari a ƙasar nan. Har ya kai ga a watan Maris 2021 gwamnatin Birtaniya ta sa takunkumi a kan ɗauko yara daga Nijeriya, saboda takardun da ba a iya dogara da su da kuma fataucin yara. Ashe akwai iyalai a Landan, da yawansu 'yan ƙasarmu ne, da wannan ƙofa ta rufe a gabansu saboda zunubin waɗansu. Ina faɗa muku a fili: Kirista ba ya sayen ɗa. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya kawo muku jariri cikin mako biyu ba kotu ba bincike, akwai wata uwa a bayan labarin da take kuka, ko an ruɗe ta ko an ƙwace mata.

Wanda Allah ya sa masa wannan kira a zuciya, ya fara zama da matarsa su yi magana har su zama baki ɗaya, sa'an nan su ga Fadansu. Daga nan su nufi ofishin jin daɗin jama'a na jiharsu, gama tun Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 jihohin da suka karɓe ta sun tsara hanya ta ma'aikata da kotu, kowace jiha da nata ƙa'idodi. Za a yi musu tambayoyi masu nauyi, za a sa su jira, wani lokaci jiran zai wuce hankali. Su jure, su karɓi rasit a kan kowane kwabo. Waɗanda kuma suke riƙe da marayun dangi a gidajensu, su dubi kwanon da yaron yake ci da makarantar da yake zuwa, su gwada da na 'ya'yan cikinsu.

Ranar Idin Iyali Mai Tsarki, wanda yakan faɗo a Lahadin da take bin Kirsimeti, ina roƙon katikis da shugabannin Zumuntar Mata a kowace majami'a su ƙara roƙo uku cikin addu'ar masu bi: ɗaya domin iyalan da suke jiran yaro daga nesa ko daga kusa, ɗaya domin yaran da aka yi wa alkawari ba a zo ba, ɗaya kuma domin iyaye matan da suka haife su. A karanta su a hankali, a ɗan yi shiru bayan kowanne kafin jama'a su amsa.